Na Kai Yaya Hadiza Ɗakin Iska

Kano zuwa Guangzhou

Ƙarfe biyar saura kwata muka bar Gwammaja, ni da yayata Hadiza. Shekara goma sha ɗaya tana saro jakunkuna daga Sin, yau ni ke riƙe mata fasfo. Gashin da likitoci suka yi wa ƙwaƙwalwarta ya kashe ƙarin da ke kanta, amma ya tafi da tunaninta: sai ta ɗora tukunya ta manta, ta idar da salla ta sake tayarwa. A Addis Ababa muka canja jirgi. Awa goma muna sama, sau huɗu tana tambayata ina za mu.

Dengfeng

Hajiya Rabi, 'yar Kumasi mai aika kaya gida, ta ba mu ɗaki a hawa na shida a unguwar Dengfeng, ta kawo tuwon shinkafa da miyar kuka. Tsohuwar ƙawar Yaya ce. Yaya ta gaishe ta da ladabi, irin gaisuwar baƙo. Hajiya ta shige kicin, ta daɗe ba ta fito ba.

Asibiti

Kullum ƙarfe takwas, minti ashirin a tasi. Ɗakin iskar na ƙarfe ne, kamar tankar mai. A rufe marasa lafiya a ciki, a ƙara matsin iska, su shaƙi oksijin ta abin rufe fuska. Likitar ta faɗa mini ta bakin tafinta cewa wasu kan ji sauƙi, wasu ba sa ji, ita ba ta yi alkawari ba. Ran farko Yaya ta riƙe mayafina.

"Ladidi, laifin me na yi za a kulle ni?"

Mako shida ina tsaye a bakin 'yar tagar don ta riƙa ganina.

Shiling

Wata Asabar na kai ta kasuwar jakunkuna ta Shiling, awa guda a mota. Wani mai shago ya gane ta, ya taso da murna. Ta gaishe shi da Sinanci, "Ni hao, laoban," ta shafa jaka ɗaya, ta ce wannan ba fata ba ce. Ya yi dariya, ya amsa. Na fara murna. A mota ta tambaye ni wane ne mutumin.

Gida

Mun sauka Kano da la'asar. Barcinta ya gyaru, ciwon kai ya ragu. Na gode wa Allah, na gode wa Hajiya Rabi.

Babbar 'yar Yaya, Zainab, ta tarbe mu a zaure. Yaya ta daɗe tana dubanta, sunan bai zo ba. Sai ta kama fuskarta da hannu biyu.

"Kin rame," in ji ta. "Wa ke dafa miki abinci?"