Injin da Aka Ce Ni Na Karya

Shekara bakwai na yi a shagon maigidana, a wani lungu da ke bayan kasuwar Daura. Na shiga ina saurayi, na fita ina da mata da 'ya guda. Shagon ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gabansa, kuma duk darajarsa tana kan wani teburin katako mai kauri a kusurwar dama, inda aka ɗaure injin sassaƙa ƙarfe, wanda mu a sana'a muke ce wa les. Ƙarami ne, tsawonsa bai kai buɗin hannuwana biyu ba, kuma ya girme ni nesa. Sai ka danƙa masa guntun ƙarfe a baki ya riƙa juya shi, kai kuma ka matso da wuƙa a hankali tana fere shi, har ya zama abin da kake so. Masu injin niƙa daga Zango, da masu famfon ban ruwa, da masu babura daga Mai'adua, duk wanda wani ƙarfe ya cinye masa kuma babu sabo a kasuwa, wurinmu yake zuwa.

Maigidana bahago ne, mutum mai hannu mai kyau da baki mai kaifi. Ba ya yabo. Idan ka yi aiki ya ɗauka ya jujjuya shi ya ajiye bai ce komai ba, to ka ci ke nan. Shekara uku ina shara da goge-goge kafin ya bar ni in taɓa injin. A shekara ta bakwai kuwa kusan duk aikin ni nake yi, shi yana zaune a rumfa yana karɓar mutane. An fara maganar zai yaye ni bayan babbar salla.

Wata Laraba wani manomi daga Baure ya kawo sandar famfonsa, yana so a sake yanka mata zaren da noti ke hawa. Shukarsa tana bushewa, don haka ya tsaya a kaina yana jira. Na ɗaura, na tayar da inji, na yi zagaye biyu lafiya. A na uku sai na ji ƙas! Injin ya yi wata irin ƙara ya tsaya, wuƙar ta nutse a jikin sandar ta ɓata ta. Da muka buɗe murfin gefe, sai ga ɗaya daga cikin giyoyin, wato fayafayan ƙarfe masu haƙora da ke jan wuƙar, ta rabu biyu.

Maigida bai ko duba ta da kyau ba. Ya juyo a gaban manomin da duk mutanen rumfa.

"Shekara nawa injin nan yana hannuna bai taɓa yin tari ba? Sai yau da na bar wa sakarai! Ganganci ne, ka danna wuƙa kamar mai saran icce."

"Baba, wallahi yadda ka koya mini na yi."

"Ni na koya maka ɓarna? Ɗauki rigarka. Kada in sake ganin ƙafarka a nan."

Na ɗauka fushi ne na yini ɗaya. Na tura kawuna ya ba shi haƙuri, na tura limamin unguwarmu. Ya ce ya gama magana. Garin kuma ba wani girma ne da shi ba a wajen masu sana'a ɗaya. Duk shagon da na je sai a ce, "A'a, ba kai ne ka karya wa dattijon nan inji ba?" Daga ƙarshe na kwashe iyalina muka koma Mai'adua, na kama facin taya a bakin hanya, daga baya na haɗa da gyaran injin niƙa. Da wannan na ciyar da gidana fiye da shekara ashirin. Abin da ya fi cin raina shi ne, a hankali ni ma na yarda. Na riƙa cewa a zuciyata ƙila dai na danna wuƙar fiye da kima.

Bara, bayan an gama girbin gero, wata mata ta sauka daga babur a gaban rumfata ta yi sallama. Ban gane ta ba sai da ta ce, "Yaya, ka manta ni?" 'Yar maigidana ce, wadda na bari tana wasa a ƙofar gida, yanzu ga ta da 'ya'ya manya. Ta ce ɓarin jikin mahaifinta ya shanye shekara biyu ke nan, shago a rufe, rufin ya yoye, masu sayen gwangwan sun fara zagaye.

"Ya ce a kira ka. Ya ce duk ƙasar Daura ba wanda zai iya tayar da injin nan sai kai."

Matata ta ce kada in je. Ta ce mutumin da ya kore ni kamar kare bai cancanci ko gaisuwata ba. Amma wannan maganar, wai ba wanda zai iya sai ni, ita ce yabo na farko da na taɓa ji daga bakinsa, ko da ta bakin wani ta zo. Washegari na nemi a-kori-kura na je na ɗauko injin.

Na tarar da shi duk ya lalace. Ruwan damina biyu ya zuba a kansa. Gadon da wuƙar ke tafiya a kai ya yi ja da tsatsa, zanzaro ya yi gini a cikin motar lantarkin da ke juya shi, ɓeraye sun cinye bel. Ba abin da ke motsi. Ashe bayan tafiyata ya samo wata giya da ba girmanta ɗaya da ta asali ba ya cusa, ya ci gaba da lallaɓawa, amma tun daga ranar injin bai sake yanka zare mai kyau ba.

Na ajiye shi a zauren gidana. Kullum in na tashi daga aiki bayan la'asar sai in zauna a kansa har kiran magariba. Na fara da jiƙa shi da kananzir kwana da kwanaki, ina bubbuga ƙusoshin a hankali da guntun katako don kada su tsinke. Duk abin da na kwance sai in sa shi a gwangwanin madara daban, in jera su a gindin bango yadda suka fito. Gadon ne ya fi ba ni wahala, don in ka cika gurza shi ka kashe injin, wuƙa ba za ta sake tafiya daidai ba. Da samfefa mafi laushi da baƙin mai na bi shi, yatsa bayan yatsa, har fatar hannuna ta saɓule. Bakin da ke kama ƙarfe ya ƙi buɗewa mako biyu cur, ran da ya saki sai da na yi kabbara ni kaɗai. Motar na kai wa wani mai naɗin waya a Daura. Giya kuwa sai da na yi tafiya biyu zuwa Kano, ina tone tarin tsofaffin ƙarafa da hannu, kafin na samu mai adadin haƙoran da nake nema.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin watannin nan. Hannuna ya tuna abubuwan da na zata ya manta.

Tare da injin an haɗo mini wani akwatin ƙarfe na tarkace, tsofaffin wuƙaƙe da notuna da tsummoki. Wata rana ina neman wata 'yar ƙusa sai na ci karo da abu a naɗe cikin tsumma a can ƙasa. Na warware. Giyar nan ce, ɓari biyu, wadda ta karye a hannuna. Ban san abin da ya sa na jefa ta a kananzir ba. Da na goge ta da buroshin waya, sai wani layi ruwan ɗorawa ya fito a bakin karayar, daga wannan gefe zuwa wancan. Waldar tagulla ce, tsohuwa. Giyar ta taɓa tsagewa tun kafin ranar, an liƙe ta, an goge, an shafe da baƙin girisi yadda ido ba zai gani ba. A kan wannan liƙin ta sake rabewa. Na fito da ita haske na duba sawun magagarin da aka goge wurin da shi. Ya karkata ta hagu. Shekara bakwai ina kallon wannan sawun, ba zan ɓata shi ba.

Na daɗe a zaune. Matata ta leƙo ta ce lafiya, na miƙa mata. Ba ta gane komai a jikin ƙarfen ba sai da na yi mata bayani. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta koma ciki kawai, na ji tana jera kwanuka da ƙarfi.

Na so in tsaya a nan, in bar injin a warwatse in aika a zo a kwashe. Na kasa. Na haɗa shi, na yi masa fenti, na sa sabon bel, na tayar da janareta. Ya juya lumui, ba gargada ba kaɗawa. Na ɗaura guntun ƙarfe na yanka zare, noti ya hau da yatsa biyu har ƙarshe.

Ranar Juma'a bayan an sauko na tafi Daura da ɓarin giyar a aljihu. Na same shi kwance a tabarma a ɗakin zaure, ya rame, bakinsa ya karkace. 'Yarsa ta tayar da shi ta jingina shi da bango, ta fita. Muka gaisa. Maganarsa tana fita da ƙyar amma ana ganewa.

"Ya tashi?"

"Ya tashi, Baba."

Na ciro ƙarafan biyu na ajiye a kan tabarma kusa da hannunsa mai lafiya. Ya ɗauki ɗaya, ya shafa layin tagullar da babban yatsa.

"Waldarka ce," na ce.

"Tawa ce."

"Ka san ba ni na karya ta ba."

"Na sani."

Na zata zan yi ihu, amma muryata ƙasa ta yi. "To me ya sa, Baba?"

Ya ce, "Mutumin Baure yana tsaye. Rumfa cike. In na ce injina ne ruɓaɓɓe, wa zai sake kawo mini aiki? Ina da baki goma sha a gida. Kai yaro ne lokacin, na ce za ka samu wani wuri."

"Ban samu ba."

"Allah bai nufa ba ke nan."

Na jira. Wallahi kalma ɗaya nake jira, kuma da ya faɗe ta da na kama hannunsa. Ya ajiye ƙarfen ya kalli ƙofa.

"Ka kawo shi jibi. Ɗana zai zo ya karɓa."

Sai a lokacin na gane ba wanda ya taɓa cewa an ba ni injin. Cewa aka yi in tayar da shi. Ni ne na ƙarasa sauran a zuciyata, har na fara auna inda zan kafa teburinsa a rumfata. Ɗan nasa kuwa direba ne, bai taɓa riƙe wuƙar les ba.

A waje 'yar tana tsaye, ta ji komai. Idonta ya kawo ruwa. "Yaya, wallahi ban sani ba. Ka yi haƙuri, ka yafe masa, ka ga halin da yake ciki." Na ce mata ba ita ta yi mini ba, na hau babur ɗina.

Na mayar da injin ranar da aka ce. Ɗan ya zagaya shi yana murmushi, ya ce kai, kamar sabo. Ko mako biyu ba a yi ba na ji ya sayar wa wani mutum daga tsallaken iyaka. Ta Mai'adua aka wuce da shi, ta kan hanyar da rumfata take, amma ban ga wucewarsa ba, ina ƙarƙashin wani injin niƙa a ƙauye.

Maigidana ya rasu da farkon zafi. Na je jana'iza, na shiga sahu, na sa kafaɗata a makara. Da aka gama rufe shi liman ya ce duk wanda mamacin ya ɓata wa ya dubi Allah ya yafe. Mutane suka amsa baki ɗaya, mun yafe. Bakina ya motsa tare da nasu. Har yau ban san ko abin da na faɗa ya kai zuciyata ba, kuma na tambayi wani malami ko irin wannan yafiyar tana ƙirguwa, ya ce in ci gaba da maimaitawa har ta zauna. Ina maimaitawa bayan kowace salla. Wata biyar ke nan.