Abin da Wuƙar Zurmi Ta Yi a Girinobul

Ana sallame sallar asuba na rataya jakata na nufi tashar motar Kaura. Masu tsayawa bakin sitona na fata suna tambayata yadda ƙasar Turawa take, ga shi nan na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in huta.

Ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba. Sana'ata sayen fatar akuya. Ina bin kasuwannin Kaura da Shinkafi da Zurmi ina tara wa maigidana, wani Alhaji mai majema a Kano, shi kuma ya jeme ta sama-sama ya aika waje. Cikin masu saye akwai wani tsohon Bature a Faransa mai ɗinka safar hannu. Jar fata ta wajenmu yake so, kuma ba mai biya kamarsa. To shi ne ya aiko cewa kayan bana sun ɓaci, ya daina. Alhaji bai ɓoye mini ba, ya ce in Baturen nan ya janye, sitona na Kaura rufewa zai yi. Ya ce tunda ni ke saye da hannuna, in zo mu je in gani da idona, don ya gaji da shan faɗa a waya kan abin da bai sani ba. Ni kuwa ban iya wata sana'a ba, kuma na wuce shekarun koyo.

Hanyar Gusau kun san ta. Tun da anka ba mu jiha gine-gine ke tashi a Gusau, amma ramukan hanyar suna nan inda munka san su. A tasha an ware motar mata daban saboda shari'a, sai munka zauna jiran maza su cika, su kuwa matan tuni sunka cika tasu sunka tafi sunka bar mu. Da munka zo Kwatarkwashi na dubi dutsen kamar kullum, ina ganin duniya ba wanda ya kai shi. Ashe ganin ƙarshe nake masa da wannan ido.

A Kano na iske Alhaji. Zancen jirgin sama ba ni da abin faɗi. An ɗaure ni a kujera, an ba ni abinci a ɗan faranti kamar na maras lafiya, kunnuwana sunka toshe. Da munka sauka sai jirgin ƙasa, shi ne ya ba ni haushi. Ba don komai ba sai don na tuna tashar Kaura, inda dogo ya ƙare, inda da ina yaro ake loda gyaɗa da fata har tarago ya cika, yau awaki ne ke kwance kan ƙarfen suna tuƙa. Nasu kuwa yana tafiya ko shayin da ke gabanka ba ya motsi.

Sunan garin Girinobul. Tun kafin mu shiga duwatsu sunka fara matso mu ta dama da hagu, har na ga kamar za su haɗe. Sai kuma wuri ya buɗe. Garin shimfiɗe yake sumul kamar gindin tasa, ko ɗan tudu babu cikinsa, duwatsu sun zagaye shi ta ɓangare uku. Duk titin da ka miƙe, in ka ɗaga kai dutse ne a ƙarshensa, wasu da farar ƙanƙara a ka kamar rawani. Kwatarkwashi in an kawo shi nan murhu za a yi da shi. Rana ba ta leƙo garin sai hantsi ya yi, kuma tun la'asar sakaliya ta faɗa bayan dutse. Wannan ya rikita mini lokutan salla, sai na koma bin agogo kamar ma'aikacin gwamnati.

Wanda ya tarbe mu wani dattijo ne mutumin Maraɗi, ya daɗe can yana aiki a masana'antar kayan lantarki, shi ya zama tafintanmu. Hausarsa irin tamu ce sak. Ya kai mu unguwar Larabawan Aljeriya, inda ake samun naman yanka da ɗan masallaci a ƙasan wani bene. Abincina can burodi ne mai tauri kamar sanda, da cuku mai wari, da dankali da madara da anka gasa a tasa. Wannan na ƙarshen ba laifi. Suna da wani ɗan itace mai ɓawo, cikinsa kamar ƙwaƙwalwa, ɗanɗanonsa tsakanin gyaɗa da aya. Gonakinsa sun cika kwarin, har mai suke matsewa, kuma suna alfahari da shi yadda Bagobiri ke alfahari da zanen fuskarsa. Tsada kuwa kar a yi magana. Kuɗin kofin gahawa ɗaya zai ciyar da gidana wuni guda, shi ya sa na ce musu ba ta karɓe ni ba.

Baturen ya ce sai kashegari zai gan mu, sai mutumin Maraɗi ya ja mu hawan dutse. Akwai tsohuwar ganuwar soja a kan dutsen da ke bisa garin, ana zuwa cikin wasu ƙwallayen gilashi da ke rataye a waya, suna tsallake gulbi da mutane a ciki. Alhaji ya riƙe tasbaha, ni na riƙe Alhaji. Amma daga sama ne na gane garin. Gulabe biyu ne ke haɗuwa a gefensa, ɗaya mai lanƙwasa kamar maciji, ɗaya mai saukowa da ƙarfi daga duwatsu. Ba irin gulbinmu Gagare ba ne da ke ƙafewa da rani yara su yi ƙwallo a cikinsa. Waɗannan ƙanƙara ke ciyar da su, ba su san rani ba. Tafinta ya ce a da sukan yi ambaliya su ci gari da mutane, sai da anka yi zamani ana gina musu bango kafin sunka ladabtu.

Shi ya ba mu tarihin arzikin wurin, muna tsaye iska tana yankan kunne. Ya ce da can safar hannu ce ke riƙe da garin. Maza na yanka fata, mata na ɗinki har cikin ƙauyukan kan dutse, ana kaiwa Ingila da Amurka matan masu kuɗi suna sawa. Kusan kowane gida da hannunsa a ciki. Sannan sunka gano dutsen nasu yana yin siminti. Sannan sunka kama ruwan da ke gangarowa sunka sa shi cikin bututu ya ba su wutar lantarki, masana'antu sunka biyo wutar. Da yayin safar hannu ya wuce, ba su zauna makoki ba. Yanzu jami'a ce da ɗalibai kamar fari, da wuraren bincike, da masu ƙera kayan cikin kwamfuta, ga baƙi masu zuwa sulu kan ƙanƙara da sanyi. Masu safar hannu da sunka rage ba su da yawa, namu yana cikinsu. Sai na tuna Kaura. Mu da gyaɗa ta tafi, zama munka yi muna ba da labarinta.

Shagon tsohon Baturen yana wani lungu kusa da gulbi. Ɗaki ne mai tsawo, da teburi, da mata uku a kan keken ɗinki. Ina shiga na ji warin da na sani. Bai tsaya dogon gaisuwa ba. Ya ɗauko fata ɗaya daga cikin tamu, an riga an kankare ta ta yi laushi kamar ƙyalle, don safar hannu ba ta son kauri. Ya ɗora ta a bakin teburi ya ja, yadda suke yi kafin su yanka. Tana miƙewa sai ta tsage a tsakiyar baya, layi uku jere. Ya ɗauko wata, haka. Wata kuma tsagar kamar sawun kaza. Ya tara su gabanmu har sunka yi tsibi, sannan ya yi magana.

Tafinta ya juyo gare ni ya ce, "Ya ce wannan ba cuta ba ce, ba ƙaya ba ce, wuƙa ce, kuma da gangan. Abin da bai gane ba, me zai sa mutum ya yanki dukiyarsa a wurin da ta fi tsada?"

Alhaji ya dube ni ya ce, "Kai, ka san wannan?"

Na ce, "Na sani, Alhaji. Har gidan na sani."

Ga yadda abin yake. Mahautan da nake saye wurinsu a Zurmi suna da rumfar shanya fata mai ƙofa, kowa da layinsa. Daminar bara iska ta kwashe rumfar, sai sunka koma shanya a fili guda, fata ta riƙa ɓata, ana rigima. Shi ne kowane gida ya dawo da shaidar kakanninsa. Da an feɗe akuya sai a ja bakin wuƙa ta ciki, a tsakiyar baya, don in a gefe ne ɓarawo zai datse wurin. Layi uku na gidan wani tsohon mahauci ne da muke hulɗa tun ina saurayi. Zanen ba ya huda fata, in ta bushe da ƙyar ake ganinsa, a Kano ma yana wucewa. Sai an kankare ta a nan yake buɗe baki.

Da anka fassara masa, Baturen ya zauna ya cire tabarau. Ya tambaya ko ba a hukunta ɓarawo a wurinmu. Alhaji da ni munka dubi juna. Tafinta ya yi dariya ya ce wannan tambaya ba zai fassara amsarta ba, ta yi tsawo. A ƙarshe Baturen ya ce shi ma ba ya son rabuwa da jar fata, ubansa da ita ya yi aiki, babu mai kyan fuska da laushi irin tata. Zai karɓi kaya sau ɗaya tak na gwaji. In ya ga layi ko ɗaya a tsakiyar baya, shi ke nan. Ya buɗe aljihun teburi ya ba ni safar hannu guda da wata mata ta dawo masa da ita, ta tsage a bayan hannu. Ya ce in kai wa mai wuƙar.

Da munka dawo ko gajiya ban sauke ba, ranar kasuwar Zurmi na hau mota. Na iske tsohon mahaucin yana fiɗa, yana hango ni ya fara tsiya, wai ga Bature ya dawo, ina tsarabar ƙanƙara. Na zauna na faɗa masa komai, na roƙe shi ya mayar da shaidar can wuyan fata, inda masu safar ba sa amfani da shi. Ya ƙi. Ya ce shaidar kakansa ce, kuma a baya kakansa ke yi. Na ce ai yanzu shari'a ta zo, wa zai yi sata?

Ya ce, "Alƙali zai kwana gadin fatata ne, ɗan Kaura? Ko kai?"

Sai na ciro safar na miƙa masa. Ya jujjuya ta, ya shinshina, ya ce wannan akuyarmu ce? Na ce taku ce, Baba, wataƙila ma kai ka yanka ta. Bai taɓa ganin abin da ake yi da fatar da ya shekara hamsin yana feɗewa ba. Ya cusa hannunsa da ƙyar, ya dunƙule. Layukan nan uku sunka buɗe, baƙar fatar hannunsa tana leƙowa ta ciki. Sauran mahauta sunka taru suna kallo, ba wanda ya yi dariya. Sannan ya jawo fatar da ya gama feɗewa, ya juya ta, ya ja layi uku a can ƙarshen wuya.

Ya ce, "In an sace, a gidanka zan riƙa cin tuwo."

Na ce na yarda. Sauran mahauta ma sunka bi sahunsa. Alhaji ya yi alkawarin kwanon rufi, mahauta za su kawo azara, a tayar da rumfar kafin Babbar Salla.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Mutanen can duwatsu sun matse su, ruwa ya ci su, sana'arsu ta mutu, sunka nemi wata a cikin dutsen da ruwan. Mu ba mu da siminti ko ƙanƙara, jar akuya Allah ya ba mu, kuma akwai masu jiranta a inda ba mu taɓa zato ba. Sito yana buɗe har yau, kayan gwaji sun kusa cika. Kowace fata ta shigo sai na kifa ta na bi tsakiyar bayanta da yatsa. Safar kuwa tsohon ya hana ni, tana rataye a rumfarsa bisa inda yake ajiye wuƙa.