Yadda Ciwon Bayan Alhaji Ya Shiga Kasuwa

Wanzanci na gada, kuma abin da mahaifina ya bar mini gidaje ne, ba gona ba. A ƙasarmu kowane babban gida yana da wanzaminsa. Shi ke askin suna, shi ke cire belu, shi ke yi wa yara kaciya, shi ake kira in jini ya yi wa maigida yawa a yi masa ƙaho. Ba a ciniki. In kaka ta yi a aiko maka da dami, in an yanka ragon suna a ware maka naka. Cikin gidajen da na gada babu kamar na wani Alhaji, babban manomi a hanyar Bakori. Abin da ke fitowa daga gidansa kaɗai yakan kai ni da iyalina har faɗuwar ruwa.

Bayan an sauya kuɗi zuwa naira da 'yan shekaru, sana'armu ta fara sanyi. Mutum zai sayar da audugarsa a Funtua, ya wuce kemis a tsira masa allura, ya dawo yana ɗingishi yana yabon zamani. Mu kuwa ranar kasuwa sai mu baje zabirar kayan aski a gindin ɗorawa mu yi ta korar ƙuda.

A wannan lokaci ne wani mutum ya zo gidan sarkin askanmu. Ɗan wani ɗan kasuwa ne mutumin kudu, amma a Funtua aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ni da kai. Ya zauna a birni wajen wani likita ɗan ƙasar Sin, ya koyo wani magani na allurai sirara kamar gashin wutsiyar doki. Ana kafa su a jiki a bar su na ɗan lokaci, a zare. Ya buɗe ɗaki a bakin tasha, amma mutane sun ƙi zuwa. Suka ce allurar da babu ruwa a cikinta me za ta yi wa mutum? Mu dai mai allura muke ce masa.

Ya durƙusa ya gaida sarki, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da ku abu ɗaya muke yi. Ku ku tsaga fata, ni in huda ta. Kemis ne ya cinye mu duka. In kun yarda mu haɗa kai, in koya muku yadda ake jawo mutane a birni."

Sarkin aska ya tsufa, kuma yana son a durƙusa masa. Ya ce an yarda. Aka sa kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci mu taru a zaurensa.

Ni mutum ne mai haƙuri. Wanda ya yi shekaru yana tsotsar ƙaho har kumatunsa su yi tsami ya san jira. Amma waɗannan Juma'o'i sun gwada ni. Darasin farko, wai mu riƙa sa farar riga irin ta ma'aikatan asibiti. Ɗan kawuna, wanda shi ma wanzami ne kuma ba ya jin sabon abu bai rungume shi ba, ya je ya ɗinko tasa. Ranar kasuwa kafin azahar ta koma kamar ta mahauci, yara na binsa suna tambayar nawa ne tsire. Darasi na biyu, wai in ka gama da mutum ka ce masa ya dawo mako mai zuwa. Wani dattijo a cikinmu ya ce, "Wato in yi masa fatan kada ya warke ke nan?" Aka kwashe rabin yini a kan wannan, sarki yana gyangyaɗi, aka tashi ba a yanke komai ba.

Sai aka zo maganar labarai. Mai allura ya ce a birni masu sana'a irin tamu suna buga takarda, a rubuta wanda ya buɗe sabon wuri, wanda aka yi wa haihuwa, da waɗanda aka yi wa magani suka warke. Duk ido ya dawo kaina, don an san ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da yamma. Na ce musu har yanzu in na rubuta layi guda sai na huta, kuma ko na rubuta wa zai karanta a kasuwa? Ɗan kawuna ya ce ai akwai sanƙira. Haka aka yi. Aka ɗauki wani sanƙira mai murya kamar kakaki, duk ranar kasuwa ya zaga rumfuna yana shelar labarin wanzamai.

Makonnin farko abin dariya ne. Kowa so yake a faɗi nasa. Wannan ya sayi sabuwar aska, wancan akuyarsa ta haifi uku. Mai allura ya dafe kai ya ce ba haka ake yi ba, manyan mutanen da muka warkar za a riƙa faɗa. Ya juyo gare ni ya ce, "Malam, kai fa kake da manyan gidaje."

Na ce, "Wanzami yana shiga har ɗakin maigida ne don an san bakinsa a rufe yake. Ba ni da labari."

Ya ce, "Ai yabo ne."

Na ce, "Na ji. Ba ni da labari."

Alhali ina da shi. Alhaji ya kusa saba'in a lokacin, kuma har yanzu shi ke riƙe da gandu. 'Ya'yansa maza duk sun yi iyali, amma a gonarsa suke aiki, daga rumbunsa ake ci, kowa da 'yar gayaunarsa a gefe. Sun daɗe suna so ya saki ragamar, ko ya raba musu gonakin. Shi kuwa amsarsa ita ce ya riga kowa fita da garma, ya ja kunyar farko a gaban idonsu. Muddin yana sunkuyawa ya miƙe, babu mai bakin magana. To a wannan bazarar bayansa ya riƙe. Yakan aiko a ce aski yake so, in na zo mu shige ɗakinsa ya sakaya ƙofa in kafa masa ƙaho a ƙugu. Jinin da na zubar ma da kaina nake binne shi a bayan ɗaki.

Na yi masa sau da yawa, sauƙin ba ya wuce kwana biyu. Ga ruwa ya kusa. Ya ce mini, "Ɗan wanzam, in shuka ta zo ina kwance, yaran nan sun gama da ni. Nemo mini wata dabara." Na ba shi labarin mai allura. Ya ce in kawo shi a matsayin mai neman sayen masara.

A hanya na ja wa mai allura kunne. Na ce abin da zai gani a ɗakin nan ya tsaya a ɗakin. Ya ce, "Haba Malam, ni yaro ne?" Ya kafa wa Alhaji allurai tun daga ƙugu har agara, tsohon yana kwance rub da ciki yana salati. Gaskiya a faɗe ta, abin ya yi. Zuwa na uku Alhaji ya sunkuya ya ɗauki buta da kansa, ya dube ni yana dariya.

Ranar kasuwar da ta biyo ina tsakiyar yi wa wani bafillace ƙaho, bakina a kan ƙahon, na jiyo sanƙira daga rumfar masu hatsi. Ya fara da kirarin gidan Alhaji, wanda ko yaro ya san na wane ne. Sannan ya ɗora. Wai ga babban manomi da ciwon baya ya kayar, wai sai an ɗauke shi kamar buhu, wai a kwance yake sallah, amma wanzamai da mai allura sun tashe shi. Sanƙira ba ya faɗin abu daidai tsawonsa, sana'arsa ke nan. Ba ni da halin tashi ban liƙe bakin ƙahon ba. Kafin in gama in keta kasuwa ya maimaita a rumfa uku, kuma babban ɗan Alhaji yana tsaye wajen masu taki yana saurare.

Na sami mai allura a ɗakinsa, fuskarsa cike da murna. Na ce, "Me na faɗa maka a hanya?"

Ya ce, "Ka ce kada in faɗi ciwonsa. Ni warkewarsa na faɗa."

Ban taɓa dukan mutum ba, ranar ma ban yi ba, amma na fahimci masu yi. Na yi masa bayanin gandu tun daga tushe. Ya saurara da kyau, ya ce to ai yanzu Alhaji ya warke, sai ya nuna wa 'ya'yan nasa. Na juya na fita.

Ba a yi mako ba 'ya'yan suka tara dattawan unguwa da liman. Babu wanda ya ɗaga murya. Cewa aka yi tausayi ne, bai kamata tsoho ya kashe kansa a gona ba ga 'ya'ya kamar zakuna, duk gari ya ji halin da yake ciki. Alhaji ya tashi a gabansu ya sunkuya ya taɓa ƙasa ya miƙe. Liman ya ce, "Masha Allah, sai a lallaɓa wannan sauƙin kada a ɓata shi." Shukar shekarar nan babban ɗan ne ya raba aiki.

Na je na sami Alhaji a zaure da hantsi, lokacin da bai taɓa zama a gida ba. Na fara rantsuwa, ya ɗaga hannu.

"Na san ba bakinka ba ne, ɗan wanzam. Bakin mahaifinka gare ka, ba ya fitar da sirri."

Na ce, "To Baba Alhaji?"

Ya ce, "Ƙafarka ce ta kawo shi. Kuma yanzu ba ni ke cewa a kira wane ba a gidan nan."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shelar ta yi aiki. Mutane suka yi ta tururuwa ɗakin bakin tasha, kowa na cewa a yi masa irin ta Alhaji. Shi kansa Alhajin, tunda babu sauran abin ɓoyewa, a fili yake hawa mota ya je a kafa masa. A taron Juma'a mai allura ya kawo wannan misali don mu ga amfanin labarai, aka yi ta jinjina kai. Na ɗauki takalmana na fita, ban sake komawa ba.

Da kaka matar ƙaramin ɗan Alhaji ta haihu. Na wasa askata na jira goron suna, amma bai zo ba. Babban ɗan bai manta cewa na yi watanni ina shiga ɗakin ubansa ina fitowa ina ce masa aski ne ba. Ranar suna da safe ina ƙofar gida sai ga ɗan kawuna a kan keke, zabira a kafaɗa, ya nufi hanyar Bakori. Ya rage gudu ya ce, "Yaya, ko za ka ara mini askarka? Tawa ta dakushe."

Na shiga ciki na ɗauko masa. Jaririn ba shi da laifi.