Shafin da Tokuji Ya Binne

Duk garin Murakami ba wanda bai san Tokuji mai shafa ƙaro ba. Shekara talatin ina sayar da awara a jikin shagonsa, dariyarsa biyu na gani, ɗayar ma ina zaton atishawa ce.

Aikinsa ke nan: ya ɗauki battar garin shayi ta katako, ya shafa mata jan ƙaron itacen urushi siriri kamar ɓawon albasa, ya sa a kabad mai laima ta bushe, don shi wannan ƙaro sai da laima yake bushewa. Gobe ya sake. Sai shafi ya kai ɗari biyu Genzo masassaƙi ke karɓa ya yanka furanni a cikin kaurin. Abin taƙamar Tokuji ɗaya ne a duniya: wuƙar Genzo ba ta taɓa cin karo da ɗanyen shafi a aikinsa ba.

Ranar da matarsa Kiyo ta rasu, wata batta tana kan shafi na tamanin. Mutumin nan ya baro gawa ya taho shago, wai ƙaro ba ya jira. Ya lafta shafin da kauri. Shi kuwa ƙaro in ya yi kauri, sama ke bushewa, ciki ya zauna ɗanye har jikokinka su yi furfura.

Na leƙa ta taga. "Baba Tokuji, shafi ne wannan ko kunu ka zuba?"

"Je ki ji da wakenki, uwar gulma."

Da ya kankare da an wuce wurin. Amma kankarewa amsa laifi ne. Sai ya bi ya rufe da shafi ɗari da ashirin, wata huɗu yana ramewa, har rigarsa ta koma kamar an rataye ta a ƙusa.

Ranar yanka ya je ya zauna gaban Genzo, abin da bai taɓa yi ba. Ni ma na bi shi da awarar da ba wanda ya aike ni da ita.

"Gadina ka zo yi, tsoho?" in ji Genzo.

A fure na uku wuƙa ta lume, jan abu ya tsatso kamar maruru ya fashe. Genzo ya ƙirga layukan da tsinin wuƙa, ya lissafa kwanaki, ya gane ranar.

"Katakon ne ba kyau," in ji Genzo.

"Kada ka yi mini kara. Ni ne."

Genzo bai gaya wa kowa ba. Ni ma mutum uku kacal na tsegunta wa. Kafin rana ta take, har masunta sun ji.

Tokuji ya ƙara shekara shida a duniya, bai sake buɗe shagon ba. Awarata ma ya daina saye.