Layin da Ustaz Ya Bar wa Allah

A shekararmu ta uku a jami'a, can Samaru, aka haɗa mu da wani malami mai ƙaramin jiki da babbar mugunta. Shi ke koya mana abin da ke faruwa a can cikin manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wurin da ake kira kanel. Ya ce kowa ya rubuta kod ɗin da zai raba wa ayyukan kwamfuta lokaci: wane aiki zai shiga yanzu, wane zai jira, wanda ya shiga kuma yaushe za a ce masa ya isa haka. Ya ce a sa bayani a gefen layuka, don mai karatu ya gane.

Ranar da muka kai aikin sai ya yi murmushi, ya ce ba wanda zai kare nasa a gaban aji, kowa na wani zai kare. Ya cakuɗa, ya raba. Ni da nake 'yar ƙungiyar mawaƙan cocinmu a Sabon Gari, sai na Ustaz ya faɗo hannuna. Ustaz ɗan ajinmu ne mai ɗangalallen wando, wanda ko biro zai ara miki sai ya haɗa da nasiha.

Da na isa gida na buɗe. Bayanin farko: Bismillahi. Na ce madalla. Na biyu: In sha Allahu a nan ake zaɓen aiki. Haka aka yi ta tafiya har na iso wani layi da ke ƙara wa wata lamba ɗaya ba gaira ba dalili. A gefensa Ustaz ya rubuta: Allahu a'alamu.

Ranar Asabar na same shi a shagon babansa cikin kasuwar Sabon Gari, yana auna wa wata mata yadi. Na gaishe da tsohon, na jira matar ta tafi.

"Ustaz, na karanta kod ɗinka. Na samu lada, amma ban samu bayani ba."

"Wane layi ne, Malama?"

"Wanda ka bar wa Allah."

Ko a jikinsa. "Ai gaskiya na rubuta. A littafi na gan shi. Na taɓa cire shi abin ya rikice, na mayar ya daidaita. In ce na sani alhali ban sani ba?"

"Na yarda Allah ya sani. Amma jibi ni za a tsayar gaban aji."

Muka ɗora kwamfutata a kan turamen shadda. Na goge layin, muka saki ayyuka, manya da wani ɗan ƙarami. Manyan suka yi ta karɓa-karɓa tsakaninsu kamar 'yan siyasa, ƙaramin yana tsaye ba wanda ya kalle shi. Muka jira har wani ya zo ya taya atamfa ya fasa saya, ƙaramin bai motsa ba. Na mayar da layin. Sai ga lambarsa tana hawa sannu a hankali, har ta kai inda dole aka ba shi wuri.

Ustaz ya riƙe gemu. "Subhanallahi. Ashe zakka layin nan yake fitarwa."

"Kar ka kuskura ka rubuta haka."

Muka yi ta gardama kan abin da za a sa. Shi yana so a ce layin na ƙara ɗaya, na ce wannan ko makaho ya gani, dalilin ake nema. A ƙarshe muka rubuta da Turanci cewa duk aikin da ya daɗe yana jira, a nan ake ɗaga matsayinsa kaɗan-kaɗan, in kuwa aka cire layin manya za su cinye lokacin duka, ƙarami ya tsufa a tsaye. Ya roƙi in bar shi ya ƙara Alhamdulillahi a ƙarshe, na bar shi. Sai tsohon ya taɓa ƙasan kwamfutar ya janye hannu.

"'Yata, ku sauke min dutsen gugan nan kafin ya ƙona min haja."

Ranar Litinin aka haska kod ɗin a bango. Malam ya karanta bayanin, ya dube ni ta saman tabarau.

"Wa ya gaya miki haka zai faru in an cire?"

"Mun cire mun gani, ranka ya daɗe."

"To cire mu ma mu gani."

Ina ɗora yatsa aka ɗauke wuta. Aji ya kaure da ihu. Malam ya tsaya yana kallon bangon kamar bangon ne ya yi masa laifi, sannan ya ce in je in zauna, ya yarda.

A zangon da ya biyo baya Malam ya tare ni a bakin ofishinsa, riƙe da sabon aikin Ustaz. Kowane layi ɗaya na kod yana da bayani rabin shafi, da gabatarwa, da jan kunne ga mai niyyar gogewa.

"Ke kika lalata min yaron nan," in ji shi. "A da, addu'a yake yi a taƙaice. Yanzu huɗuba yake min."