Mai Dogon Kunne da Tsoho Hiram

Shekarata ashirin da biyu a tsibirin Portland, amma bakina bai taɓa jawo mini abin da ya jawo ranar wata Talata ba. Muna shan shayin hantsi a rumfar ramin da muke fasa dutse, na buɗe ƙunshin abincin da matata ta yi mini, ƙamshi ya tashi. Abokin aikina Dennis ya ce, "Clive, naman me aka dafa maka haka?"

Na ce, "Zomo."

Mutum tara suka ajiye kofunansu. Ɗaya ya tofar da yawu ya fita. Ni kuwa na rufe ƙunshina. A garin nan ba a kiran sunan dabbar nan. Sai dai a ce mai dogon kunne, ko ragon ƙarƙashin ƙasa.

Wanda ya fi kowa riƙe wannan doka shi ne mahaifin Dennis, tsoho Hiram Attwooll. Ya shiga ramin yana ɗan shekara goma sha huɗu, ya fito yana da sittin da biyar, ya bar yatsu uku a ciki. Yana da sha shida ya ga masu dogon kunne suna fitowa a guje daga ramukansu a saman gangaren. Ya gaya wa shugaban aiki, aka ce ya koma bakin aikinsa. Kafin azahar gangaren ya rufto kan yayansa Reuben. Kwana biyu ana tono.

Tun da ya bar aiki, kullum sai ya zo ya zauna kan wani dutse a sama, sandar ƙarfe a hannu, yana kallon ramukan nan. Ba don shan iska ba. Dennis kaɗai ya rage masa, kuma Dennis a ƙasa yake aiki.

Na hau na same shi don in wanke kaina, labari kuwa ya riga ni.

Na ce, "Tsoho, ni fa na karanta. Sunan nan da kuke gudu, asalinsa ma ba namu ba ne, daga ƙetaren teku ya zo. Kuma a da jariran ake kira da shi, manyan suna da nasu sunan da aka daina. Kai da gemunka, sunan jinjiri kake tsoro?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Baƙo, kwana huɗu ana ruwa. Sauka ka yi aikinka."

Baƙo yake ce mini har yau.

Na sauka ina dariya, amma dariyar ba ta kai ƙasa tare da ni ba. Ni da Dennis muke ɗaura sarƙa a gindin gangaren, dutse ya yi tsawon bene mai hawa shida a kanmu. Ruwa na tsatsowa daga wata tsaga da ban lura da ita jiya ba. Wata 'yar tsakuwa ta gangaro ta bugi hulata. Na ce wa Dennis, "Ubanka ne ke jifana." Bai yi dariya ba, sama yake kallo.

Sai muka ji ƙarfe. Tsohon na dukan bututu da sandarsa, ba tsayawa. Na ɗaga kai na hango masu dogon kunne, sun fi goma, suna tsere a bakin gangaren da rana tsaka. Dennis ya fizgi wuyan rigata. Ban san ina da gudu ba sai ranar. Ƙarar da ta biyo bayanmu a ƙirji na ji ta, ba a kunne ba.

Da ƙura ta lafa, inda muka tsaya babu shi. Sarƙar da ƙunshin abincina duk suna ƙarƙashi.

Hiram ya sauko yana ɗingishi. Ya shafa fuskar ɗansa da guntun hannun nan, ya ƙirga mu har sau biyu.

Amma hali zanen dutse. Na ce, "Tsoho, ai su suka cece mu. Ko don godiya a kira sunansu sau ɗaya."

Ya nuna tarin duwatsun da sandarsa. Ya ce, "Da safe ka kira, sun amsa. In za ka sake, koma can ka tsaya tukuna, ka bar mini ɗana a nan."