Mutumin da Ya Binne Takardunmu

Da ƙarfe shida na safe Kawu Hayim Galsurkar yake jingine kekensa a bangon majami'armu, ya buɗe ƙofa, ya ƙara man kwakwa a fitilar da ba a bari ta mutu. Sai shara. Sai ya shiga bin mutane a waya yana neman cikon maza goma, don idan ba su cika ba babu addu'ar jam'i. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka a Pune, garin da ɗalibai ke ƙaruwa kowace shekara, mu Yahudawa muna raguwa. Juma'a mai zuwa zai ajiye makullai, ya koma wurin 'yarsa a garin Ashdod, can ƙetaren teku.

Jinjina na zauna rubuta masa, amma wata biyu da suka wuce takardar ƙorafi na rubuta a kansa. Har yanzu ban rarrabe wacce ta fi gaskiya ba.

A wurinmu ba a jefa takarda mai sunan Ubangiji a shara. Idan ta tsufa a buhu ake tara ta, a kai maƙabarta a binne kamar mutum. Kakanninmu kuwa ko wasiƙar gaisuwa ba sa rubutawa sai sun ɗora sunan a sama. Don haka takardun aure, sunayen jarirai, wasiƙun sojojinmu daga Burma, duk buhu suke shiga. Kawu Hayim ne mai haƙa ramin.

Na kai maganar gaban shugaban kwamitinmu, Eliyezar Talkar. "Baba," na ce, "ga jami'a a bayan gidanmu, da ɗakin adana takardu, mu kuma muna tura tarihinmu ƙasa kamar abin kunya?"

"Rifka, tun da kika yi digirin nan ba mu huta ba," ya ce. "Haka muka tarar. Sha shayinki."

Haka muka tarar. Da wannan magana aka rufe makarantarmu, da ita rufin majami'a ya shekara shida yana yoyo.

Ranar da na ji rajistar tsohuwar makarantar 'yan matanmu ta shiga buhu, da gudu na je maƙabarta. Na tarar Kawu yana baje ƙasa.

"Kawu, sunan kakar mahaifiyata yana cikin rajistar nan. Ka binne ta karo na biyu."

"Riƙe mini shebur ɗin nan, 'yar boko," ya ce, yana karkaɗe wando. "Gobe ki zo gida."

Na je ne don in ƙarasa faɗan. Matarsa, Inna Sippora, ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Littattafan rubutu goma sha bakwai, irin na 'yan makaranta, cike da rubutun Marathi, harshenmu na gida. Duk takardar da ya taɓa binnewa sai da ya kwafe ta da hannu, inda sunan Ubangiji yake ya bar gurbi.

"Teburin cin abincina ne ofishinsa," in ji Inna. "Shekara arba'in a cinya muke ɗora kwano."

A littafi na sha bakwai na ga sunan Shegulla, kakar mahaifiyata, 'yar shekara tara, an rubuta cewa ba ta zuwa makaranta idan mangwaro ya nuna.

"Me ya hana ka faɗa wa mutane?"

"Wa ya tambaya?"

"To me ya hana ka ɓoye na asalin?"

"Takarda ma tana gajiya, Rifka. Ke in kin tsufa, so kike a saka ki a gilashi ɗalibai suna leƙen ki?"

Na kai littafi ɗaya wurin wata malamar tarihi a jami'a. Ta ce kwafi ba ya tsayawa a madadin asali, babu hatimi, babu tawadar mai shi. Sannan ta riƙe littafin ta ƙi saki, ta ce in ban da shi babu abin da ya rage. Na fito ban san ko murna zan yi ko kuka ba.

Kai ne ka binne, Kawu, kai ne kuma ka tsirar. Ba ka saɓa wa al'ada ba, ba ka kuma bar ta ta haɗiye mu ba. Mu masu surutu mun yi taro bakwai a kan tarihi, kai kana can kana canza biro. Har yau ina ganin kuskure ne da rajistar nan ta shiga ƙasa. Amma ba don kai ba, da ban san kakar mahaifiyata ɓarauniyar mangwaro ba ce. Na gode.

Saura buhu ɗaya ba a kwafe ba, don yanar ido ta hana Kawu ganin rubutu. Kwamiti ya sa ranar binnewa ƙarshen wata, babu wanda ya tambayi abin da ke ciki. Duk mai iya karanta Marathi ko Ibrananci ya zo majami'a ranar Lahadi da ƙarfe goma, ya zo da abin rubutu. Wannan aikin ba ya jiran maza goma.

Jiya Kawu ya ba ni makullin akwatin, ya ba ni bironsa, sannan ya miƙo mini shebur. Biyun farko suna cikin jakata. Shebur ɗin yana jingine a ƙofar ɗakina, kullum na wuce sai mun kalli juna.